Muryar Ɗan'ige a Tasha Uku

Kwanakin baya wasu matasa suka same ni a ƙofar gidana a Boɗinga, kowa da wayarsa a hannu, wai sun zo in koya musu aikin rediyo. Ban gama shimfiɗa musu tabarma ba ɗaya daga cikinsu ya riga ya bayyana mini yadda ake yi: ka danna jan maɓalli, ka kara wa mutum waya a baki, ya yi magana, ka tura. Na ce to madalla, tunda kun iya, me kuka zo nema wurin tsoho? Suka yi dariya. Ni ma na yi, amma tawa ba ta kai ciki ba. Fiye da shekara talatin na yi ina yawo tsakanin ƙauyukan Boɗinga da na Shagari, ina ɗauko muryar manoma ina kaiwa birni a watsa, kuma danna maɓalli shi ne mafi ƙanƙantar abin da ke cikin aikin. Saboda su na zauna na rubuta wannan, in sun ga dama su karanta.

Aikin farko da aka tura ni ni kaɗai, hira ce da wani sarkin noma a wani ƙauye bayan Danchadi, a kan tsutsar da ke cin gero. Kafin nan na yi shekara guda cur ina bin Malam Attahiru, wanda ya koya mini aiki, ina ɗaukar masa rikoda. Rikodar lokacin ba ta shiga aljihu. Akwati ce mai jakar fata da maɗauri, nauyinta ya kai na jarkar ruwa, tana cin manyan batura shida, ga tef yana zagayawa a samanta. A shekarar nan Malam Attahiru bai bar ni na taɓa maɓalli ba ko sau ɗaya. Da ranar tawa ta zo na tafi ina taƙama, na tsaya ƙerere a kan sarkin noma yana zaune, na miƙa masa makirufo daga sama. Ya amsa mini a daƙile, kalma biyu uku. Da na dawo muka saurara, babu komai a tef ɗin sai hucin iska da kukan wani jaki, muryar dattijon kuwa can ƙasa kamar daga cikin rijiya.

Malam Attahiru bai yi faɗa ba, da ma ba ya yi. Ya sa na saurari tef ɗin daga farko har ƙarshe sau uku a gabansa, sannan ya mayar da ni washegari in ba dattijon haƙuri. A can na koyi cewa ba a tsayawa a kan babba. Takalmi ake cirewa, a durƙusa, a zauna ƙasa da inda yake, a juya wa iska baya, a sa wa makirufo safa. Na koyi cewa ba a kunna rikoda sai gaisuwa ta ƙare, kuma gaisuwar dattijon ƙasarmu ba ta ƙarewa da wuri: gida, iyali, gajiya, ruwa, dabbobi, sannan a sake komowa kan gida. In ka nuna gaggawa, da gaisuwar kaɗai za ka tashi. In batir ya yi sanyi a tsakiyar hira, ka cire ka shanya a rana, ka ci gaba da taɗi da baki kamar ba abin da ya faru.

Tacewa kuma da reza muke yi. Ka ɗora tef a kan wani ɗan ƙarfe mai tsaga, ka juya shi da hannu a hankali har ka ji inda kalma ta fara, ka yi alama da farin fensir, ka yanke, ka liƙa. Abin da ka yanke yana faɗuwa ƙasa a gabanka, kana ganinsa da idonka, don haka kana jin nauyinsa. Malam Attahiru ya yarda a yanke tari da atishawa da maimaici da kukan akuya. Abin da mutum ya taso ya zo faɗa, wannan ba a taɓa shi, ko da bai yi wa manya daɗi ba. In ba za a iya sawa ba, a ajiye hirar gaba ɗaya, a koma a gaya wa mai ita.

Akwai wata al'ada tasa da na riƙe har yau. Ba ya barin gari sai ya mayar da tef baya ya kunna wa mutum muryarsa a gaban jama'a. 'Yan kallo su yi ta dariya, mai maganar ya sunkuyar da kai yana murmushi, wani ya ce ashe haka nake. Sai Malam ya tambaye shi ko ya yarda. In ya ce akwai inda bai so ba, a goge nan take a sake. In ya ce ya yarda, sai a gaya masa rana da lokaci, a yi sallama. Daga nan kai ne ka ɗauki alkawari, ba tasha ba. Mutanen ƙauye ba su san manaja ba, ba su san mai tasha ba. Fuskarka suka sani da babur ɗinka, kuma sun san ƙofar gidanka.

Na ɗauki cigiyar raƙumi, na ɗauki ta shanu daga bakin Fulanin da ba su yarda su faɗi nawa suka ɓata ba. Na ɗauki mata daga bayan zaure, ni ina waje, makirufo a ciki a ƙarshen doguwar waya, suna ba da labarin rijiyar da ta ƙafe. Na ɗauki malaman allo suna roƙon a gyara musu rumfa kafin damina. Wata tsohuwa a Shagari ta taɓa riƙe ni awa guda tana wanke hukuma tas a kan komai da komai. Da na kunna mata ta saurara, ta ce ba ta yarda ba, za a ce ita masifaffiya ce, a sake za ta sassauta. Muka sake. Ta biyun ta fi ta farkon zafi, kuma ita ta ce a sa.

A tashar gwamnati na fara. Da aka buɗe ƙofa 'yan kasuwa suka fara kafa nasu tashoshin, na koma wata ƙarama a birni, inda aka ba ni filin manoma nawa na kaina. Ba da daɗewa ba suka zama uku da ake kamawa da kyau a wajenmu. Waɗannan su ne shekarun daɗi. Tashoshin na gasa da juna, in ɗaya ta ji tsoron labari, ɗayar za ta ɗauka don ta ba ta haushi. Manomi mai ƙorafi yana da ƙofa uku da zai ƙwanƙwasa.

Sai wani Alhaji ya sayi tamu. Ba zan kama sunansa ba, ba don tsoro ba, don kada in yi masa talla a banza. Babban ɗan kasuwa ne, yana shigo da taki da injin ban-ruwa da maganin feshi da iri. Bayan shekara guda, tasha ta biyu ta koma hannun surukinsa, ta uku kuma hannun babban ɗansa. An ce akwai ƙa'idar da ta hana mutum ɗaya tara tashoshi a hannunsa, kuma a takarda ba wanda ya karya ta, masu tasha uku ne da sunaye uku. Mu dai ma'aikata mun san ranar Sallah gida ɗaya muke haɗuwa gaisuwa. A lokacin ana ta muhawara a kan dokokin watsa labarai, masu cewa a ƙara ɗaure tashoshi da masu cewa a sassauta musu, mu ma muna gayyato lauyoyi su yi ta musu a situdiyo. Ban taɓa jin an bar ɗayansu ya tambayi ta wa ce kujerar da yake zaune a kai ba.

Kafin nan an daina tef. An raba mana 'yar rikoda da ba ta fi kwalin ashana ba, ka dawo a juye a kwamfuta, matasa su tace da yatsa ɗaya. Na karɓa, na koya, tana da daɗin ɗauka. Amma ban bar tawa ta kaset ba, wadda na saya da kaina tun ina tashar gwamnati. Duk hira da biyu nake ɗauka, tasu a hannun dama, tawa a cinya, saboda 'yar tasu ba ta da ƙarar da taron ƙauye zai ji in an zo mayar wa mutum muryarsa. Kaset ya yi wuya a kasuwa, sai in bi tsofaffin masu sayar da na wa'azi in kwashi ragowarsu. Sunana Bello, amma a ofis suka mayar da ni Baba Kaset. Na amsa, sunan bai rage mini komai ba.

Shekarar da ta ɓaci ta fara da gwangwani. Kamfanin Alhaji ya kawo wani irin albasa a cikin gwangwani mai hoton ƙatuwar jar albasa, aka yi ta yabonsa. Mutanen Lambara da yawa suka ajiye irin da suka gada suka sayi wannan. Suka yi reno, suka dasa a fadama, suka yi ta ban-ruwa da feshi wata da watanni. Lawashi ya tashi kore shar har gwiwa, wanda ya hango daga hanya sai ya yi musu barka. Da lokacin cira ya yi, aka tarar babu kai a ƙasa. Albasar ta tafi sama ta yi fure, abin da ke ƙasa bai fi yatsa kauri ba. Ko irin ne bai dace da ƙasarmu ba, ko a hanya ya lalace, ni ba masani ba ne. Abin da na gani da idona na faɗa.

Suka aiko mini. Na je na tarar sun riga sun zauna sun zaɓi wanda zai yi magana da yawunsu, Malam Ɗan'ige. Dattijo ne gajere, mai magana a hankali, wanda in rikicin iyakar gona ya tashi shi ake kira ya nuna inda kakanni suka tsaya, kuma in ya nuna an gama. Sun zaɓe shi ne don ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, kuma manoman albasa har Danchadi da gaba sun san sunansa. Muka zauna a bakin gonarsa, na juya wa iska baya, na kunna rikoda biyun. Ga abin da ya ce, na haddace shi kamar karatu:

"Sunana Ɗan'ige na Lambara. Shekara arba'in ina noman albasa. Da anka kawo muna irin gwangwani, anka ce muna iri na mai kyau, ba a taɓa ganin irinai ba, kowa shi saya shi shuka. Munka saya, munka shuka. To ga gona nan, ku zo ku gani da idonku. Ko kai guda ban cire ba. Ina roƙon 'yan'uwana manoma, don Allah kowa shi riƙe irin gidansu."

Na mayar masa ya saurara, mutane na tsaye kewaye da mu. Na tambaye shi ko ya yarda, ya ce ya yarda. Na ce masa Laraba bayan la'asar.

Laraba ta zo ba a sa ba. Manajan tasharmu, mutum mai fara'a da sanyin murya, ya kira ni ofishinsa, ya buɗe wani littafi mai kauri ya nuna mini da yatsa. Doka ta ce ba a watsa zargi a kan kowa sai an ji ta bakin wanda ake zargi, in aka saɓa hukuma za ta ci tasha tara, ko ma ta karɓe lasisi. Na ce wannan doka ce mai kyau, ni ma da ita na tashi, a ba ni wanda ake zargin in ji ta bakinsa, ai motarsa ce nake gani a ƙofa duk Litinin. Ya ce a rubuta wa kamfani takarda. Na rubuta. Sati ya wuce, wata ya wuce, kamfani ya yi kunnen uwar shegu da ni. Muddin bai amsa ba labari ba zai fita ba, kuma ya san da haka. Na ɗauki hirar na kai tasha ta biyu, editansu abokina ne, shi ma ya buɗe mini littafin nan a shafin nan. A ta uku ko wurin zama ba a ba ni ba. A tashar gwamnati aka ce in bar takarda za a neme ni. Na koma Lambara na gaya wa Ɗan'ige gaskiya, cewa na kasa. Ya ce ba komai, Allah ya ga niyya. Na ɗauka iyakar abin ke nan.

Bayan damina, gero ya shigo gida, lokacin da manoma ke neman irin reno, ina zaune da safe wurin mai shayi a tashar motar Boɗinga, rediyonsa na rataye a ƙusa. Sai na ji kalangu ya tashi, sannan muryar da na sani:

"Sunana Ɗan'ige na Lambara. Shekara arba'in ina noman albasa. Iri na mai kyau, ba a taɓa ganin irinai ba, kowa shi saya shi shuka. Ga gona nan, ku zo ku gani da idonku."

Sai wata murya ta faɗi sunan gwangwanin da inda ake samunsa. Ban san lokacin da na ajiye kofin da ke hannuna ba. Na roƙi mai shayi ya murɗa zuwa tasha ta biyu, ba a yi minti goma ba tallar ta zo. Ta uku ma haka. An shiga kwamfutar ofis an ɗauko hirar da aka ce doka ta hana sawa. An cire inda ya ce gaya musu aka yi, an cire inda ya ce ko kai guda bai cire ba, an cire roƙon da ya yi wa 'yan'uwansa, an haɗa sauran sumul. Ko ni da na shekara talatin ina yanka ban ji wurin ɗinkin ba.

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba, na kuma ji kunya, wadda ta fi ɓacin ran ciwo. Na hau babur sai birni. Manaja ya saurare ni har na gama, sannan ya ce duk abin da aka ɗauka da na'urar tasha mallakar tasha ne, kuma ba su ƙara wa dattijon ko kalma ɗaya ba, duk da bakinsa ya faɗa. Na ce to wannan karon wa ya ji ta bakin ɗaya ɓangaren? Ya ce talla ba labari ba ce, dokarta daban. Daga nan ya ƙara sassauta murya ya ce ya ji ina da wani kaset, gara in kawo a ajiye a ofis don kada ya faɗa hannun da bai dace ba.

"Kaset ɗin nawa ne," na ce masa. "Rikodar tawa ce, muryar kuma ta mai ita ce. Ga taku."

Na ajiye masa 'yar rikodarsu da katin aiki a kan tebur na fito. Ban yi shawara da kowa ba, ban kuma yi nadama ba, ko da yake gidana ya ji a jikinsa a shekarar.

A Lambara ba wanda ya zagi Ɗan'ige, mutanenmu ba sa zagin dattijo. Abin da suka yi ya fi zagi. Tabarmar ƙofar gidansa da ke cika bayan la'asar ta koma shi kaɗai. Rikicin iyaka ya tashi aka kira wani. Ana gaishe shi a tsaye a wuce. Magana ta zaga cewa bayan hirar da aka yi a gabansu, ya bi ni birni a ɓoye ya sake wata, an yi masa alkawarin kujerar Makka. Na same shi zaune yana tufka igiya. Ya amsa gaisuwata duka, bai rage ko ɗaya ba, sannan ya ɗago.

"Bello, kai ka maida man muryata, na jiya, nac ce na yarda. Wagga da ni ka ji cikin akwati, ta wa ta?"

Na ciro kaset na nuna masa. Ranar Juma'a bayan an sauko, na nemi izinin mai gari da liman, na ɗora rikoda a kan turmi a ƙofar fada, na ƙure murya. Suka ji hirar daga sallama har ƙarshe. Na bayyana musu yadda ake yanka da yadda ake liƙawa, na ce laifin nawa ne da na bar muryarsa a gidan da ba amana. Mutane suka yi ta zuwa suna durƙusawa a gabansa. Ni na ɗauka an wanke shi, aiki ya ƙare. Shi bai ɗauka haka ba.

"Lambara ɗai munka wanke," in ji shi. "Na Danchadi hwa? Na Shagari hwa? Suna can suna sayen gwangwani bisa maganata. In gonakinsu sunka mutu, ni nak kashe su. Sai mu bi su."

Haka na koma aikin rediyo ba tare da rediyo ba. Na samo tsohuwar lasifika irin ta masu tallar magani, da batirin mota, na ɗaure su a babur, Ɗan'ige ya hau baya. Muka bi kasuwanni, kowace da ranarta. Na san jadawalin tashar da ka, na san tallar na zuwa dab da labaran rana. Sai mu tsaya a layin masu iri, in kara rediyo a lasifika, kasuwa ta ji tallar da kalangunta. Tana ƙarewa in kunna kaset. In ya ƙare, dattijon ya hau benci, ba ya cewa komai sai "Ni na Ɗan'ige," mutane su dube shi su dubi gwangwanin da ke hannunsu. Na ga wanda ya mayar nan take. Na ga mai shagon da ya biyo mu da zagi har bakin kasuwa. Wannan aikin ma da nasa ilimin. In ka fuskantar da lasifika ga bango sai ta dawo maka da ƙara, in ka tsaya kusa da masu niƙa ka yi asarar batir a wofi.

A kasuwa ta biyar ko ta shida aka kai ƙararmu, wai muna watsa shiri ba lasisi. Aka gayyace mu ofishin 'yan sanda. Jami'in ya tambaye ni lasisina. Na nuna masa ta taga wani mai maganin basir da lasifikarsa ta ninka tawa, na ce in ya nuna nasa zan nuna nawa. Ya danne dariya, ya ce in kunna abin da ake ƙara a kai. Ya saurari tallar, ya saurari kaset, ya daɗe yana kallon Ɗan'ige. Ashe shi ma ɗan manoma ne. Ya ce mu tafi, kada dai mu tare hanya. Takardar lauya ta biyo ni gida daga baya, mai dogon Turanci, tana neman in miƙa kaset cikin kwana bakwai. Tana nan a akwati, kwana bakwai ɗin sun daɗe da wucewa.

Ba zan yi muku ƙarya in ce mun ci nasara ba. Muryar tasha na kaiwa har cikin Nijar, tamu iyakarta wurin masu sayar da shanu a ƙarshen kasuwa. Su safe da rana da yamma a tasha uku, mu sau ɗaya a sati a kowace kasuwa. Wasu mun riske su, wasu mun makara. A Danchadi wani magidanci ya tare mu ya ce ya riga ya zuba gwangwani biyu a reno saboda ya ji sunan Ɗan'ige. Da lokacin dashe ya yi, dattijon ya sa na kai shi gidan mutumin da dami biyu daga renonsa na irin gado, shi kuma ya rage tasa gonar. Mun haɗu da ƙungiyar manoma mun nemi izinin kafa 'yar tashar al'umma da za ta tsaya iyakar ƙananan hukumomin nan biyu. An karɓi takardunmu cikin mutunci, har yau muna jira. Ni ban ce a soke doka ba. Wanda ya ga abin da bakin rediyo ke iya yi ba zai ce a sake shi ba linzami ba. Abin da na ce, kuma zan faɗa a gaban kowa, dokar da ke auna kowace kalmar manomi amma ba ta tambayar ƙofa nawa mutum ɗaya ya kulle, ba don manomi aka yi ta ba.

Kaka uku muka yi muna wannan yawo, don duk kaka tallar na dawowa. A ta huɗu Ɗan'ige ya kwanta, ciwon bai yi sati biyu ba Allah ya karɓi abinsa. Babban ɗansa Sahabi, wanda shi ma furfura ta fara fito masa, ya aika da sanarwar rasuwa tashar da na bari, don ita dangi na nesa ke kamawa, in ma ya kai wata duk gida ɗaya ne. Washegari da hantsi muna zaune a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa, tabarmi cike har bakin hanya, wani ya kunna rediyo a hankali don a ji ko an karanta. Aka karanta, da sunansa da garinsu da addu'a. Mai karantawa bai gama rufe baki ba kalangu ya tashi. "Sunana Ɗan'ige na Lambara."

Mai rediyon ya rikice ya rasa maɓallin kashewa, sai da mamacin ya gama cewa kowa ya saya ya shuka. Na san ba da gangan aka yi ba, kwamfuta ce ke jero tallace-tallace, ba ta san mai rai da matacce ba. Sanin hakan bai sanyaya mini zuciya ba. Na ga dattawa sun sunkuyar da kai, na ga hawaye a gemun Sahabi. Liman ne ya juyo ya neme ni da ido.

"Bello, kana tahe da naka?"

Na ce yana cikin jaka, ba na rabuwa da shi.

"To kunna. Kada mutane su tashi da waccan cikin kunne."

Na kunna a wurin zaman makoki, abin da ban taɓa ganin an yi ba. Aka saurara har inda yake roƙon 'yan'uwansa manoma, sannan liman ya ɗaga hannu aka yi addu'a aka shafa.

Tallar na nan har yanzu, in kaka ta yi ku murɗa ko wacce daga cikin ukun za ku ji ta. Kaset ɗin ya fara ja, na juye shi a wasu guda uku na raba wurin ajiya, amma na asalin nake kunnawa. An aiko mini sau biyu cewa in na miƙa shi kujerata na nan. Na ce a gaishe su. Gwiwoyina sun fara ƙin tayar da babur, Sahabi ne ke tuƙi yanzu, ni a baya rungume da lasifika. In kaset ya ƙare shi ke hawa bencin, ya jira mutane su yi shiru, sannan ya ce:

"Wanga da kunka ji, ubana na. Ta farko sata ta. Ta biyun ita ta maganatai."